Kada a biya mai buga faifai sai faifan ya yi a gida

A nan yankin Adar, da wuya yanzu a yi wani taro na makaranta ko na gida ba a ɗauke shi a waya ba. Bikin ƙarshen shekarar karatu ne, ko saukar karatu, ko suna, ko ɗaurin aure, za ka ga wayoyi sun miƙe sama kamar zangarniya a gona. Bayan an watse sai a ce a mayar da abin a faifai, don tsofaffi su kalla a talabijin, a kuma ajiye wa waɗanda suka tafi bida. Daga Garhanga da ƙauyukan da ke kewaye da ita akan aiki mutum ya kai Keita ko Buza ko Madawa, wani lokaci har Tawa, wurin masu kwamfuta. Ya biya, ya dawo da faifai cikin leda.

Da dare a ta da injin wuta ko a jona batirin sola, a shimfiɗa tabarmi, yara su cika tsakar gida. A saka faifai. Na'ura ta yi ta juyi, daga ƙarshe ta rubuta cewa babu komai a cikinta. Ko hoto ya fito babu launi, yana ta hawa sama. Ko hoto ya fito, murya ta ƙi fitowa. Ko su fito duka biyu, amma bakin yaro ya gama motsi kafin a ji abin da ya ce.

Idan aka koma wa mai shago, amsar kusan ɗaya ce ko'ina. Zai saka faifan a kwamfutarsa, ya nuna maka yana yi sarai, ya ce na'urarku ce ta tsufa. Na san gidan da aka sayi sabuwar na'ura saboda wannan magana, faifan kuma ya ƙi yi a sabuwar kamar yadda ya ƙi a tsohuwar. Na san makarantar da ƙungiyar iyaye ta tara kuɗi aka buga faifai masu yawa, babu ko ɗaya da ya yi, har aka fara raɗe-raɗin cewa malamin da aka aika ya ci kuɗin. Wata dattijuwa ta tare shi a hanyar kasuwa ta ce: "Mushe, ni ba kuɗin ne damuwata ba, jikata nake so in gani." Ya rasa amsar da zai ba ta.

Ra'ayina a kan wannan magana guda ne. Faifan da bai yi a na'urar gidan da aka buga shi dominsa ba, aikinsa bai ƙare ba, kuma bai kamata a biya kuɗinsa ba. A mafi yawan lokuta na'urar lafiyarta lau, wayar da aka ɗauka da ita ma lafiyarta lau. Kuskuren yana tsakani, wurin juya bidiyon. Abu ne da malamin makaranta zai iya fahimta cikin yini ɗaya, kuma tunda mu ake aika, mu ake zargi, ya kamata mu san shi.

Bari in fara da misalin da kowa ya sani. A da, ɗan bida yakan aiko wasiƙa daga Abijan cikin ambulan. Idan da ajami aka rubuta ta, aka kai wa wanda boko kaɗai ya iya, ba zai karanta ba. Wasiƙar ba ta lalace ba, idon mai karatun ma bai lalace ba. Haka bidiyo yake. Sunan da kake gani a ƙarshen fayil, kamar MP4 ko AVI, ambulan ne kawai. Rubutun da ke ciki shi ne hanyar da aka bi aka matse hoton ya ƙanƙance, kuma hanyoyin suna da yawa. Faifan VCD, wanda ya fito a 1993, yana amfani da wadda ake kira MPEG-1. Faifan DVD, wanda aka fara sayarwa a Japan a 1996, yana amfani da MPEG-2. Wayoyinmu na yau kuwa da H.264 suke ɗauka, wadda aka fitar a 2003, ko H.265 ta 2013. Na'urar DVD ta gidanmu rubutun 1996 aka koya mata, ba ta ƙara wani karatu ba tun daga nan. Ita kuwa kwamfuta, musamman idan akwai manhajar VLC a kanta, kusan kowane rubutu tana karantawa. Shi ya sa gwajin da mai shago ya yi maka a kwamfutarsa ba shaida ba ne.

To, abu na farko da za a duba shi ne ko an juya bidiyon ma ko ba a juya ba. Da yawa daga cikin masu buga faifai kwafe fayil ɗin waya kawai suke yi su zuba a faifai, kamar yadda ake zuba takardu. Ka ce ya buɗe faifan a kwamfuta kana tsaye. Faifan DVD na gaskiya yana da jaka mai suna VIDEO_TS, a cikinta akwai fayiloli masu ƙarewa da VOB da IFO da BUP. Idan abin da ka gani fayil ne guda mai ƙarewa da MP4, ba a yi aikin ba tukuna. Wannan dubawa ba ta kai minti ɗaya ba, kuma a ganina ita kaɗai za ta kashe mafi yawan rigingimun da nake ji.

Abu na biyu shi ne tsarin talabijin. Ƙasashen da wutar lantarkinsu ke juyi 60 a sakan, kamar Amurka, sun gina talabijin ɗinsu a kan hotuna kusan 30 a sakan, shi ne tsarin NTSC. Mu da Najeriya da Turai wutarmu 50 take juyi, don haka namu hotuna 25 ne a sakan. Najeriya ta bi tsarin launi na PAL, mu a Nijar muka bi na Faransa, wato SECAM. Amma a kan faifan DVD babu wani abu wai shi SECAM. Zaɓi biyu ne kawai, kuma namu shi ne PAL: ɗigo 720 a kwance, 576 a tsaye, hotuna 25 a sakan. Na NTSC 720 ne da 480. Manhajoji da yawa a kan NTSC suke zuwa, idan mai shago bai sauya ba haka zai yi ta bugawa. Alamarsa ita ce hoto marar launi, ko mai hawa sama ba tsayawa, musamman a tsoffin talabijin.

Kafin a koma gari saboda rashin launi, akwai abu biyu da za a gwada a gida, ba ko dala. A shiga saitin na'urar da rimot, a nemi wurin da aka rubuta PAL da NTSC, a zaɓi PAL, don na'urori da yawa suna iya juya fitarsu da kansu. Sannan a duba wayar nan mai kai ruwan ɗorawa, a tabbata ramin ruwan ɗorawa ta shiga a bayan na'ura da bayan talabijin. Idan ta faɗa koren rami, hoto zai fito, amma baƙi da fari.

Abu na uku shi ne saɓanin murya da baki. Yawancin wayoyi hotuna 30 suke ɗauka a sakan, kuma ba sa tsayawa a kan adadi ɗaya. Idan haske ya ragu, ko wayar ta yi zafi, sai ta rage, daga baya ta koma. Faifan DVD bai san wannan ba, shi gudu ɗaya yake so daga farko har ƙarshe. Idan aka juya ba a daidaita ba, a mintunan farko ba za ka lura ba, amma kafin a kai rabin awa murya da baki sun rabu. Maganinsa shi ne a fara mayar da bidiyon zuwa hotuna 25 tsayayyu kafin a haɗa faifan. Manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, tana da wurin zaɓar wannan. Ita ma muryar tana da ƙa'idarta: DVD yana son ma'aunin 48,000 a sakan, VCD kuma 44,100. Nau'in murya da kowace na'urar DVD take ganewa shi ne AC-3, wanda ake kira Dolby Digital. Idan hoto ya fito shiru, nan za a fara dubawa.

Abu na huɗu namu ne, mu masu ɗauka. Talabijin a kwance take. Wanda ya riƙe waya a tsaye ya ɗauki wasan yara, abin da zai fito a allo siririn hoto ne a tsakiya, baƙi a dama, baƙi a hagu. Idan mai shago ya ja shi don ya cika allo, sai fuskoki su baje kamar an danna su da faifan tuwo. A kwantar da waya, a jingina ta da wani abu don kada ta yi rawa, a matsa kusa da masu magana, a juya wa rana baya. Kuma a faɗa wa mai shago irin talabijin ɗin gida: tsohuwa mai ƙusumbi, wadda allonta 4 da 3 ne, ko ta zamani mai faɗi, 16 da 9.

Akwai kuma yadda ake kai masa bidiyon. Wanda aka tura ta WhatsApp a matsayin bidiyo an riga an matse shi, ya yi asarar da ba ta dawowa. A ƙaramin allon waya ba ka gani, amma a talabijin zai fito dishi-dishi. A kai masa asalin, ta kebul ko memori, ko a tura shi a matsayin takarda, wanda ba a taɓa shi.

Abu na biyar lissafi ne, irin wanda nake ba ƴan aji shida. Faifan DVD na yau da kullum yana ɗaukar giga 4.7, wato megabit 37,600. Awa biyu sakan 7,200 ne. Ka raba, za ka samu megabit 5.2 ga kowane sakan, hoto da murya a haɗe, kuma wannan ya isa hoto mai kyau. Idan aka ce sai an cusa awa huɗu a faifai ɗaya don a rage kuɗi, rabon ya koma 2.6, da zarar yara sun fara rawa ko gudu sai hoton ya farfashe ya zama ƴan murabba'ai. Ta ɗaya ɓangaren kuma ƙa'idar DVD ba ta yarda hoto ya wuce megabit 9.8 a sakan ba, ƙananan na'urori ma sukan fara sarƙewa kafin a kai nan idan faifan bugun kwamfuta ne. Shida zuwa bakwai ya wadatar ga bikin da bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Wanda ya fi haka tsawo a raba shi faifai biyu.

Na ƙarshe shi ne bugun kansa. A yi shi a hankali, gudu 4 ko 8, ko da faifan ya ce yana iya 16. A rufe faifan idan an gama, domin wanda aka bari a buɗe don a ƙara wani abu daga baya kwamfuta na karanta shi, na'urar gida kuwa sau da yawa ba ta ganinsa. Idan na'urar tsohuwa ce sosai a sayi faifai mai alamar DVD-R, ta fi saba da shi a kan DVD+R. Wanda na'urarsa ke da ramin filashi kuma yake son ya bi ta nan, ya duba gabanta ko an rubuta DivX ko MPEG-4. Irin waɗannan galibi fayil ɗin AVI suke so, wanda aka matse da Xvid ko DivX, faɗinsa kada ya wuce 720. Filashin kuma ya kasance a tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4.

Duk abin da na lissafa babu wanda ke buƙatar sayen manhaja. MediaInfo tana nuna maka rubutun da ke cikin ambulan. HandBrake tana daidaita gudu. DVDStyler tana haɗa jakar VIDEO_TS ta buga faifan. Mai son gajeriyar hanya, FFmpeg tana da umarni guda mai suna pal-dvd da ke saita girma da gudu da murya a lokaci ɗaya. Dukansu kyauta ne. Mai shagon da ke karɓar kuɗin mutane ba shi da uzurin rashin saninsu.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce: Malam, wa ke ta faifai yanzu? Ko masu finafinan Kano, waɗanda suka faro da kaset a 1990 da fim ɗin Turmin Danya, suka bi ta VCD da DVD, yau sun koma YouTube da tashoshin talabijin, masu tura fim a waya sun maye gurbin masu sayar da faifai. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma fim ɗin kasuwa daban, abin da aka ɗauka a gida daban. Fim idan ya ɓace a wayarka, gobe ka je a tura maka wani. Ranar da ƴarka ta tsaya gaban jama'a ta yi karatu ba ta da kwafi a kasuwa. Waya kuwa ana sacewa, tana faɗawa ruwa, ana sayar da ita idan rani ya yi tsanani, ana goge ta idan ta cika. Ga shi kuma wayar ta mutum ɗaya ce, yawanci ta maigida ko ta saurayi, tana tafiya da shi idan ya tafi Abijan ko Libiya ko Legas. Inna da Kaka da ƙananan yara, waɗanda su ne suka fi son kallon, talabijin ɗin tsakar gida ce tasu.

Akwai wani dalili kuma da ya shafi mu malamai kai tsaye. Bidiyon da ya shiga waya ba shi da linzami. Yau yana zauren iyaye, gobe yana Facebook ko TikTok, wani ya yanke wurin da yarinya ta yi tuntuɓen harshe ya mayar da ita abin dariya. A yankin da muke fama da iyaye su bar ƴaƴa mata su gama firamare, irin wannan abu guda ɗaya ya isa a cire yarinya daga makaranta. Faifai ba ya hana kwafe, amma ba ya tafiya da kansa, yana zama a gidan da aka kai shi. Duk da haka, ko faifai ne ko waya, kada a ɗauki yaran mutane sai an sanar da iyayensu sun yarda.

Inda nake ba masu sukar gaskiya shi ne wurin ƙarko. Faifan da aka buga a kwamfuta ba kamar na kamfani ba ne, rubutunsa a kan wani siririn rini yake, zafi da rana suna cinye shi, ƙurar hunturu tana karce shi. Saboda haka faifai na kallo ne, ajiya kuwa sai an haɗa da asalin fayil ɗin. A kwafe asalin a wuri biyu, ɗaya a memori ko filashi a akwatin darakta, ɗaya a hannun shugaban ƙungiyar iyaye. Ranar da na'urorin DVD suka ƙare a kasuwa, daga wannan asalin za a juya zuwa duk abin da ya zo. Shi kuma faifan a riƙa kama shi ta gefe, a rubuta suna da alƙalami mai laushin baki, a mayar da shi gidansa, a nisanta shi da taga.

Abin da ya sa na ɗauki maganar da zafi shi ne mun taɓa yin irin wannan asara. Tun 1984 aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, da taimakon Italiya da hukumar abinci ta duniya FAO. Iyayenmu mata ne suka ɗauki duwatsu a ka, suka yi shinge a kan tuddai, suka dasa itatuwa. A gidajen da na sani babu wanda ke da hoto mai motsi na uwarsa a wannan aiki, domin na'urar ɗauka a hannun baƙi take a lokacin. Yau tana aljihun kowa. Zai zama abin takaici a ce mun samu abin ɗauka, amma jikokinmu su tashi ba su ga komai ba saboda wani bai zaɓi PAL ba.

Kuma hoto mai motsi ba baƙo ba ne a makarantar Nijar. Tun 1964 aka fara gwajin koyarwa ta talabijin a ƙasar nan, shekaru kafin a buɗe Tele Sahel. Mu da muka fito daga makarantar horon malamai an koya mana shirya darasi, da riƙe rajista, da rubutu a allo. Ina ganin lokaci ya yi da za a ware ko da yini ɗaya a koya wa ɗalibai malamai yadda ake ɗaukar darasi ko biki, yadda ake juya shi, da yadda ake ajiye shi. Malamin da aka tura ƙauye shi ne mai rubuta wasiƙa, shi ne mai karanta takardar likita, shi ne ake kawo wa waya idan ta rikice. Wannan ma a kansa zai faɗo, ko an koya masa ko ba a koya masa ba.

Kafin a kai ga haka, ga abin da kowane kwamitin makaranta da kowane gida zai iya yi tun bana. A ce wa mai shago ya buga faifai ɗaya tak na gwaji. Idan da hali a tafi da na'urar gida shagon, ba ta fi a ɗaure ta a bayan babur ba. Idan babu hali a kawo faifan gida, a gwada shi a na'urar da ta fi kowace tsufa a garin, a kalli farko, a tsallaka tsakiya, a kalli ƙarshe, ana lura da baki da murya. Idan ya yi a wannan, zai yi a sauran. Sai a koma a buga adadin da ake so, a biya, a karɓo asalin fayil ɗin tare da faifan. A yi wannan sharaɗi tun kafin a fara aiki, a gaban shaida, don kada a zo ana jayayya daga baya.

Masu shago na kirki ba za su ƙi wannan ba, hasali ma zai ƙara musu ciniki, domin a ƙauye labarin wanda faifansa ke yi ba ya daɗewa bai zagaya ba. Wanda ya ƙi kuwa ya nuna maka irin aikinsa tun ba ka ba shi kuɗinka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka darakta da shugaban iyaye su zauna tun kafin watan Yuni, su san wanda zai ɗauka, da wayar da za a ɗauka da ita, da na'urar da za a yi gwaji a kanta.